Ɗakin Aro a Ƙofar Sauri

Sallama gare ku 'yan uwa masu haƙuri da ni. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in ban ci gaba ba za ta zo Katsina ta jawo ni da kunne. Yi haƙuri 'yar uwa. Kwana biyun nan in na ɗauki waya zan rubuta sai in aje. Yau dai na ce sai na amayar da abin, don ya fi ƙarfin cikina.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Ummusalma, a gida Salma ake ce man. Ni kaɗai na rayu cikin 'ya'yan Inna. A gidan haya aka haife ni, a Ƙofar Sauri, gidan wata dattijuwa Hajiya Mairo, ciki da falo a kusurwar da ke kusa da rijiya. Babana Malam Abbas wankin hula yake yi. Zauren gidan nan ne wurin aikinshi. Har yau in ka shiga za ka ga inda shuɗi da sitaci suka rina siminti, da ƙusoshin da yake rataye igiyar shanya.

Lokacin da gwamnati ta ce za ta ba masu ƙaramin ƙarfi da ke zaman haya gidaje a bayan gari, Baba ya nema. Ya nema da gaske. Yana tari, ƙirjinshi na ƙara kamar ana jan gado, amma ya je ya bi layi a rana, ya dawo ƙafafunshi sun kumbura. Bai gaya wa abokanshi na masallaci ba. Ni da Inna kawai yake ce wa, "Ko ɗaki ɗaya ne, in rufe ƙofa in san ba mai ƙwanƙwasa man ita ranar ƙarshen wata."

Bai ga gidan ba. Ranar sadakar ukunshi, muna zaune cikin mata an cika tsakar gida, sai ga ma'aikata biyu, mace da namiji, sun zo duba inda mai nema yake zaune. Macen ta cire takalmi, ta yi wa Inna ta'aziyya, ta ɗaga kai ta kalli silin da ruwa ya ɓata daidai saman gadon Baba. Ta ce tunda haka Allah Ya yi, matarshi da marainiyarshi za a sa gaba.

Suna fita na ji wata murya daga bayan taro, ban juya na ga mai ita ba. Cewa ta yi, a hankali amma don a ji:

"Oh, wasu dai ko mutuwa riba take jawo masu."

Wallahi 'yan uwa, har yau in zan sa makulli a ƙofarmu sai na ji muryar nan a bayan kunnena.

Da Inna ta fita takaba muka tashi. Gidan mai kyau ne, ba zan yi wa Allah butulci ba. Ɗaki biyu da falo, banɗaki a ciki, famfo a tsakar gida, siminti sumul. Ranar farko Inna ta ɗauki dutse ta buga ƙusa a bango, ta tsaya tana jira, sai ta fashe da dariya har da hawaye.

"Salma, kin ji? Ba wanda ya leƙo ya ce ina fasa mashi gini."

Ni kuwa na kasa sabawa. Ɗakin ƙamshin fenti yake yi, babu ƙamshin sabulu da sitaci, babu motsin Baba. Na san ba daidai ba ne, malamarmu ta Islamiyya za ta yi man faɗa, amma a raina gani nake Baba bai san hanyar wannan gida ba. Kamar mun kwashe kaya mun baro shi can shi kaɗai.

Kuma gidan ba shi da zaure. Daga titi sai ƙofa, daga ƙofa sai tsakar gida. Mutanen gari suna kiran wurin Unguwar A-Taimaka. In ka tari mai napep ka faɗi sunan gaskiya ba zai gane ba, sai ka faɗi wannan.

To, ga Sada.

Sada shadda yake sayarwa a babbar kasuwa. Gidansu na Ƙofar Kwaya, irin tsohon gidan nan da sai ka ratsa zaure ka sake ratsa zaure kafin ka ga tsakar gida. Tun Baba na da rai yake kawo wankin huluna, ya zauna bisa benci suna hira, ni kuma in na kawo wa Baba ruwa sai in aje in juya da sauri. Bayan rasuwar ya fara aiko a kira ni. Inna ta ce ba ta yarda da zancen dare ba tunda babu namiji a ɗaki, sai ya riƙa zuwa bayan la'asar.

Makon da muka tashi yana Legas sarin kaya. Na so in gaya mashi a waya, na rubuta na goge, na rubuta na goge. Ni ba gwanar magana ba ce, in abu ya yi nauyi sai harshena ya maƙale. Na ce bari ya dawo in faɗa mashi ido da ido. Ranar da ya dawo ya turo man saƙo:

"Gimbiyar Ƙofar Sauri, na sauka. Bayan la'asar ina nan tafe. Na riƙo maki abin da za ki yi murmushi dole."

Na sa atamfata mai ruwan goro da ganye-ganye, na ɗora hijabi ruwan madara, na hau napep na taho tsohon gidanmu. Na roƙi Hajiya Mairo ta bar ni in tsaya a zaure. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"'Yan gidan gwamnati ne a garin? Na ce ko kun manta mu. To shiga, zauren ubanki ne, ai bai tafi da shi ba. Amma ki gaya wa uwarki, in gwamnati ta kwashe man 'yan haya duka, wurinta zan dawo cin tuwo."

Sada ya iso bisa mashin, cikin farar shadda, hular da ke kanshi ma wankin Baba ce ta ƙarshe. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi haƙuri, ya miƙo man leda da turare da wani mayafi mai duwatsu. Na buɗe baki zan fara ke nan ya riga ni.

"Kin san ta ina motarmu ta biyo? Ta gefen gidajen nan na A-Taimaka. Salma, an cika su maƙil. Har da shanya bisa katanga."

Na ce, "Uhm."

"Ni fa ba zagin talaka nake ba, mu ma ba wasu masu kuɗi ba ne. Amma mutum da hannunshi da ƙafarshi ya je ya tsaya a layi a ba shi wurin kwana? Gobe kuma sai a ba shi me? Rabinsu ma ƙarya suka yi, wasu sayarwa za su yi su koma haya. Hajiyarmu cewa ta yi unguwar da babu dattijo, babu wanda ya san kakan wani, zawarawa sun fi maza yawa, ita ko kyauta ba za ta ɗauko mata daga can ba."

Ya yi dariya, ya dafa bangon da shuɗin Baba ya rina.

"Shi ya sa nake ganin girman Malam, Allah Ya jiƙanshi. A haya ya rayu, a haya ya koma ga Allah, bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Irin gidan da nake son in yi aure ke nan."

Me zan ce? Ku gaya man, me zan ce? Na tuna ƙafafun Baba cikin robar ruwan zafi ranar da ya dawo daga layin nan. Na sunkuyar da kai na ce, "Amin, na gode." Na koma gida da maganata a ciki.

Daga ranar abin ya zama jiki. Duk ranar da zai zo, sai in yi wanka in shirya, in ce wa Inna na tafi, ta bi ni da ido. In riga shi isowa, in share zauren, in shimfiɗa darduma. Idan ya tafi, sai in shiga cikin gida in tsaya bayan ƙyaure har ƙarar mashin ɗinshi ta ɓace, sannan in fito in nemi napep. Maƙwabta duk sun sani, kuma duk sun rufa man asiri, kun san mutanen cikin gari da wannan. Mai kanti na ganina zai ce, "'Yar Malam, an fito?" kamar daga ɗaki na fito.

Amma bari in faɗa maku abin da ban faɗa wa kowa ba. Ba don Sada kaɗai nake zuwa ba.

Ɗakinmu wata mata aka ba, Ramla, ita da mijinta direba da tsohon surukinta da suka ɗauko daga ƙauye saboda jinya. Ranar farko da na ji tsohon ina zaune a zaure, Sada na ba ni labarin kasuwa. Tari ya taso daga kusurwar rijiya. Irin tarin nan mai ja, ya tsaya, ya sake ja, sannan a ce "La'ilaha illallahu" a ƙarshe. Kofin da ke hannuna ya faɗi.

"Lafiya?" in ji Sada.

"Santsi ya yi."

"Wa ke tari haka a gidan?"

"Baƙo ne... na maƙwabta."

Tun daga nan nake jiran tarin. Ina tsoronshi kuma ina jiranshi. In na zo ban ji ba sai in koma gida jikina a mace. Wata rana na yi ƙarfin hali na leƙa gaida Ramla, ba ta nan, ta je niƙa. Tsohon na kwance daidai inda gadon Baba yake da, fuskarshi na kallon bango. Bai juyo ba ya ce:

"Ɗiyata, miƙo man buta."

Na miƙa mashi. Na fito na zauna bakin rijiya na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Ramla ta iske ni a haka. Mace ce mai baki, ba ta ɓoye abin da ke ranta.

"Ke kam ban gane maki ba. An ba ku gida da famfo, kina dawowa nan kina shaƙar warin kwata. Wallahi da ni aka ba, da sai an ji guɗata a Ƙofar Kwaya. Masu zagin nan, a ba su makulli ki gani ko za su mayar."

Ana haka Sada ya gabatar da magana. Mazansu suka je wurin Baffa Badamasi, yayan Baba, wanda shi ne waliyyina, aka gaisa aka yi addu'a a ƙofar gidanshi. Wannan bai dame ni ba, don maza ba ruwansu da ɗakin Inna. Sai ranar Laraba saƙo ya shigo:

"Albishirinki. Ranar Asabar gwaggonnina za su kawo kayan na-gani-ina-so wurin Inna. Hajiyarmu ta ce ita ma yayarta za ta biyo su, wai tana son a gano mata ɗakin da aka raini amaryarta. Ki ce wa Inna kada ta wahalar da kanta da girki."

Na karanta ina tsaye, na ƙarasa ina zaune a ƙasa. Kun san yadda mata ke yi in sun kawo kaya. Har ƙuryar ɗaki suke shiga. Su kalli labule, su kalli jeren kwanuka, su kalli ƙarƙashin gado in sun samu dama.

Washegari Baffa ya zo gidanmu, karo na farko tun da muka tare. Ya tsaya a titi yana waige-waige kamar wanda ke tsoron a gan shi, ya ƙi zama bisa kujera, ya zauna bakin tabarma. Bayan gaisuwa ya ce:

"Na gama magana da Hajiya Mairo. Yarinyar nan da ke ɗakinku ta yarda ta ara maku shi na yini ɗaya. Ku kai labulenku da zannuwan gado da kwanuka, a jera kamar da. Baƙi su zo su tafi. In an ɗaura aure, duk abin da za su ji su ji."

Inna na zaune a gefe. Tana tsince wake a faranti, hannunta bai tsaya ba.

"Yaya, ɗakin da ƙanenka ya cika a ciki kake so in koma in zauna ina yi wa baƙi dariya?"

"Yini ɗaya na ce."

"Sata muka yi ne? Gidan nan shi ya nema da ƙafarshi."

"Kada ki sake faɗin haka a gaban mutane!" Baffa ya ɗaga murya, sannan ya sauke. "Mu ba a san mu da roƙo ba. Ni a majalisarmu cewa na yi kun koma wurin danginki. Kin san abin da ake faɗa kan unguwar nan? Kin san dangin yaron nan? Za su sauko daga mota su ce ina zaure, a nuna masu bakin titi?"

"Shekarun da ruwa ke zuba bisa ƙanenka yana kwance, ban ji majalisa ta kawo kwano ɗaya na rufi ba."

Na zaci Baffa zai tashi ya fita. Sai ya juyo gare ni.

"To ga mai abin nan. Ummusalma, kina son yaron nan ko ba ki so?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wace ɗiya ce za ta amsa wannan a gaban baffanta? Na ja hijabi na rufe fuska.

Inna ta aje farantin. Muryarta ta yi laushi, irin laushin da ya fi faɗa ciwo.

"Salma, ɗago ki dube ni. In kina so in je, zan je. Ba abin da ba zan yi maki ba. Ki ce a'a kawai in ba ki so."

'Yan uwa, kalma ɗaya ce. A'a. Tana nan bisa harshena. Na ga fuskar Sada, na ga farar shaddarshi, na tuna yadda yake cewa "gimbiya" yana kauda kai don kunya. Na yi shiru.

"Shi ke nan," in ji Baffa, ya miƙe yana kaɗe riga. "Ta amsa."

Ranar Juma'a da safe na farka na ji ƙarar ƙarfe. Inna ce bisa turmi tana zare labulen falo, mai ruwan hoda da furanni, wanda Baba ya saya mata wata sallah. Ta ninke shi, ta ninke zanen gado, ta sauke kwanukan samira ɗaya bayan ɗaya tana goge su da gefen zanenta. Ta ciro hoton Baba daga ƙusar da ta buga da hannunta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi man faɗa ba. Har ta tambaye ni ko na karya.

"Ki kai yau ki jera, gobe ni sai in taho da wuri. Ki tuna gadon kanshi gabas yake kallo."

Bayan an sauko daga masallaci na isa da ƙullin kaya biyu. Ramla ta riga ta kwashe nata ta kai ɗakin Hajiya Mairo. Mijinta ya ɗauko tsohon kamar jariri ya kwantar da shi bisa tabarma a inuwar bango, aka aje mashi buta da gwangwanin tofi.

"Baba yi haƙuri, shan iska za ka yi zuwa gobe," in ji Ramla. "Surukan gwamnati za su zo."

Hajiya Mairo ta yi dariya daga bakin ƙofarta. "Ku jera da kyau dai. In sun tambaye ni zan ce ban taɓa yin 'yan haya masu kirki irinsu ba, kuma ba ƙarya na yi ba."

Na shiga ni kaɗai. Na rataya labule a ƙusoshinshi na da, suna nan ba a cire ba. Na shimfiɗa zanen gado. Na jera samira, manya a ƙasa ƙanana a sama, yadda Inna ke yi. Na mayar da hoton Baba inda inuwarshi ta bar alama a bango. Sannan na ja da baya na tsaya bakin ƙofa.

Ɗakin ya dawo. Komai ya dawo. Hasken da ke ratsa labulen ya faɗo bisa gado da launin nan na hoda, daidai yadda ya faɗo bisa fuskar Baba ranar da Inna ta shafe mashi ido. Har tabon ruwan silin na nan. Sai tarin ya taso daga bayana, daga tsakar gida, daga waje. Ya ja, ya tsaya, ya sake ja.

Na dafa ƙyaure. Abin da ya zo man shi ne, na fitar da mara lafiya daga ɗaki na kwantar a ƙasa don in yi ƙarya da gadonshi. Gobe kuma Inna za ta zauna bakin wannan gado, ta yi ado, ta ce wa baƙi "sannunku da zuwa", hoton mutumin da ya kumbura ƙafa don ya fitar da ita daga nan yana kallonta.

"Ɗiyata," in ji tsohon daga waje, "sanyin ƙasar nan na shiga ƙashina. Yaushe za a maida ni ciki?"

Ban san lokacin da na fizge labulen ba. Ƙusa ɗaya ta fito da shi. Na tattara samira suna ƙara, na naɗe zanen gado, na sa hoton a cikin hijabina. Ramla ta leƙo baki buɗe.

"Ke lafiya? Aljanu ne?"

"Ku maida shi ɗakinshi. Don Allah yanzu."

Ina fitowa da ƙullin kaya na ji tsayuwar mashin. Na manta sam cewa Sada ya ce zai biyo bayan la'asar ya ji ko akwai abin da ake buƙata. Muka yi kiciɓis a zaure, ni da kaya niƙi-niƙi, ido jawur. Yana sanye da shadda ruwan sararin sama, yana murmushi, murmushin ya tsaya a rabi.

"Gimbiya, ina zuwa da kaya haka? Ko gudu za ki yi tun kafin a kawo?"

Na buɗe baki, harshen ya maƙale kamar kullum. Na san in na tsaya bayani ba zan iya ba. Abin da ya fito kawai shi ne:

"Gida za ni."

"Ba ga ki a gida ba?"

"Ka biyo ni. Don girman Allah kada ka tambaye ni komai, ka biyo napep ɗin da zan hau."

Na tari napep a bakin layi. A gaban Sada, da muryar da ban san ina da ita ba, na ce wa direban, "Unguwar A-Taimaka." Ban kalli fuskarshi ba. Na shige na rungume kayan Inna.

Mai napep ɗin surutu gare shi. "Can kuke? Kun ji daɗinku. Ni ma na nema, da 'ya'yana a ɗaki ɗaya, ban samu ba. Sai mai hanya, hajiya. Ku wa kuka sani?"

"Babana ne ya rasu," na ce.

Ya ce Allah Ya jiƙanshi, bai ƙara magana ba.

Akwai ɗan madubi a gefenshi, ya tsage a tsakiya. A ciki nake hango shaddar Sada. Muka fita daga lungunan unguwa yana nan. Muka wuce masu kayan miya, muka wuce gidan mai, yana nan. Gidaje suka fara ƙaranci, gonaki suka fara bayyana, yana nan, sai dai tazarar na ƙaruwa. Da muka zo kwanar da ake barin kwalta a shiga unguwarmu, na ga ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa. Ya tsaya. Ya ciro waya ya kara a kunne.

"Hajiya, mutumin naki ya tsaya fa. In jira shi?"

Na kauda ido daga madubin. Na ce, "Wuce malam. Ya ga hanya."

Inna na tsakar gida tana wanke shinkafar baƙi. Ta ga ƙullin kaya, ta ga labule na leƙowa da ƙusa a jikinshi, ta ga fuskata. Ba ta tambaye ni ba. Ta tsame hannunta daga ruwa, ta amshi hoton Baba ta shiga da shi ɗaki.

Na zauna bisa turmi da waya a cinya. Aka kira magariba a ƙaramin masallacin layinmu, na yi salla ban san me na karanta ba. Baffa ya kira, Hajiya Mairo ta riga ta kai mashi labari, na ƙi ɗauka. Ina naɗe darduma wayar ta yi haske.

"Na shigo layin. Ƙofofin nan duk iri ɗaya ne, na rasa wadda zan yi sallama. Ki fito in gan ki."

Kafin in miƙe wani ya sake shigowa.

"Amma Salma, gara ki sani tun kafin ki buɗe. Da na tsaya a kwana Hajiyarmu na kira, na gaya mata komai. Ta ba ni saƙo in kawo, kuma ta ce ba ke zan faɗa wa ba, Inna."

Na miƙa wa Inna wayar, na manta ba ta karatun boko. Na karanta mata. Ta saurara har ƙarshe. Ta ɗauki mayafinta ta yafa, ta gyara ɗaurin kallabi, ta ɗauko tabarmar baƙi ta miƙo man.

"Shimfiɗa nan tsakar gida. Ki je ki ce ya shigo."

Daga waje ina jin mashin na tafiya a hankali, yana tsayawa ƙofa-ƙofa. Na sa hannu bisa sakata. Ƙarar ta zo daidai tamu, ta mutu.